Dutse Ne Ya Nema, Ko Zuciya?

Motar da zan yi magana a kanta tsawonta kamu ɗaya ne da 'yan kai, nauyinta bai wuce kilo 3 ba. Ba ta ɗaukar fasinja, ba ta ɗaukar kaya. Da batir take tafiya, da rimot ake tuƙa ta. An ƙera irinta a kan ma'aunin ɗaya bisa goma na babbar mota, saboda haka dutsen da tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, a wurinta katanga ce mai mita guda. Tawa Axial SCX10 II ce, ƙirar da ta fito a 2016. Na saye ta ta hannu bayan na daɗe ina koyo a kan wata 'yar ƙarama ta China, WPL C24, mai siffar tsohuwar Hilux. Ranar Asabar in an idar da La'asar nakan kai ta gindin Kufena, can wajen Wusasa a Zariya, in yi ta lallaɓa ta tana hawa duwatsu. Wannan wasa ba na gudu ba ne, mai tafiya da ƙafa a natse ma zai wuce ta. Abin da ake nema shi ne ta hau inda ido ya ce ba za ta hau ba, ta kuma sauko ba tare da ta kife ba.

Ni malamin zanen fasaha ne a makarantar sakandare, na haura shekara arba'in, ina da iyali. Shi ya sa tambayar nan ba ta rabuwa da ni: ya dace Musulmi magidanci ya zuba yammacinsa da wani abu daga albashinsa a gyaran motar da ba za ta taɓa kai kowa ko'ina ba? Kawuna, wanda a zaurensa na karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, shi ya fi kowa iya tsara ta. Ya tarar na baje motar a kan tabarma ina kwance tayoyinta, ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya ce, "Ɗan nan, wannan abu in ya hau dutsen, me yake samowa a can?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba komai." Ya ce, "To, kai fa?" Bai ƙara ko kalma ba, ya shige cikin gida.

Masu ganin wannan wasa ɓata lokaci ne suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Alƙur'ani a wurare da dama, kamar a Suratul An'am da Ankabut da Hadid, ya siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala, kuma ba yabonta yake yi ba. Hadisin da Tirmizi ya kawo ya nuna za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da rayuwarsa, da inda ya samo dukiyarsa, da inda ya kashe ta. Ga kuma hadisin Uƙbatu ɗan Amir, wanda wasa uku kaɗai ya tsame daga cikin aikin banza: harbi da baka, horar da doki, da wasan mutum da iyalinsa. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta ta hana wasan nardu da shaɗaranji, ta bar tseren doki da na raƙumi da gasar kibiya. A kan wannan duka sai a ɗora halin da ake ciki. A ƙasar da magidanci yake ƙidaya kwanon masara tun wata bai raba ba, kuɗin tayoyi huɗu masu kyau na wannan mota zai ciyar da wani gida kwanaki. Wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya ba, kuma ba hassada ce ta sa shi faɗa ba.

Akwai amsa mai sauƙi, kowane ɗalibi ya san ta. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a ɗakin Annabi (SAW), har da doki mai fukafukai kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito, kuma bai hana ta ba. Ya yi tseren ƙafa da ita. Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, ya tsaya ya kare ta tana kallo. Da Hanzala ya ji tsoron ya zama munafuki saboda in ya koma ga matansa da 'ya'yansa da gonakinsa hankalinsa kan bar abin da ya ji a majalisi, Annabi (SAW) ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa kowane yana da lokacinsa. Imam Gazali ma a cikin Ihya ya bayyana cewa hadisin wasanni ukun nan rashin fa'idar sauran wasanni yake nunawa, bai haramta su ba. Duk wannan gaskiya ne, amma iyakar inda ya kai mu shi ne cewa abin ba haramun ba ne. Kawu kuwa bai tambaye ni haramci ba. Malami ne, ya san hukuncin tun ba a haife ni ba. Abin da ya tambaya shi ne me nake komawa gida da shi.

Wanda ya fi taimakona a nan Imam Shaɗibi ne, malamin Malikiyya na Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a 1388. A cikin Muwafaƙat ya yi wani rarrabewa da nake ganin ya kamata duk mai abin sha'awa ya sani. Abu yakan zama halal in aka dube shi sau ɗaya, amma hukuncinsa ya sauya in aka dubi jimillarsa a rayuwar mutum. Misalan da ya kawo sun haɗa da shaƙatawa a lambu da wasa da tantabaru: yi yau, yi wani lokaci, ba laifi, amma mayar da shi abin yi kullum ya zama abin ƙi. Ke nan ba a yanke wa wasa hukunci daga sunansa. Sai an bi mai yin sa an ga irin mutumin da wasan yake mayar da shi. Don haka bari in faɗi ainihin abin da ake yi in an zauna gyaran motar nan, domin a cikin aikin amsar take.

Da taya ake farawa. Tayar irin wannan mota ba a hura mata iska, soso ake cusa mata a ciki, a ɗaure bakinta da zobe a kan wili mai faɗin inci 1.9. Roba mai taushi da soso mai laushi suna sa taya ta baje a kan dutse ta rungume shi. Dutsen Kufena yana da kaushi, da rani taya mai taushi kan kama shi tsam, sai dai in ƙurar hunturu ta kwanta a kai, ko damina ta bar gansakuka a inda ruwa ke bi. Amma in soson ya cika laushi, da zarar motar ta gitta gangare a karkace sai tayar ƙasa ta lanƙwashe, nauyi ya zube a kanta, motar ta wuntsila. Haka ma girman taya. In ka tashi daga mai tsayin milimita 105 zuwa mai 120, ka ɗaga aksil daga ƙasa da milimita 7.5, wanda a babbar mota daidai yake da santimita 7.5, kuma ba ƙaramin abu ba ne in cikin motar yana yawan dukan dutse. Sai dai ka ɗaga motar gaba ɗaya, ka ƙara mata saurin kifewa, ka kuma ƙara wa inji wahala domin babbar taya ta fi wuyar juyawa.

Daga nan sai nauyi, kuma a nan ne gyara mafi amfani ya fi arha. Mota mai hawan dutse tana son nauyinta ya kwanta ƙasa, ya kuma karkata gaba. Masu wasan sukan nemi kusan kashi 60 cikin 100 a gaba, 40 a baya, don kada gaba ya ɗaga sama a kan hawa mai tsayi. Ni da ma'aunin kicin nake aunawa, in ɗora tayoyin gaba in karanta, in ɗora na baya in karanta. Sannan in aza motar a kan katako in yi ta ɗaga gefe ɗaya har ta kife, in yi alama. Matsar da batir gaba da sauke shi ƙasa, cire safayar taya da kariyar da ke kan rufi, rage tsinin bamba da zarto don kada ya riga taya isa dutse, duk waɗannan ba su cin ko kwabo, kuma alamar katakon nan takan nuna bambancinsu a fili. Bayan su ne ake maganar tagulla da ake sakawa kusa da tayoyin gaba. Tana aiki ƙwarai, amma kowane giram da ka ƙara, inji ne zai ja shi, batir ne zai biya, kuma ranar da motar ta gangaro daga sama da shi za ta doki ƙasa.

A babbar mota akwai giyar da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama, difarenshal, don tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. A kan kwalta rahama ce. A kan dutse kuwa, da zarar taya ɗaya ta tashi sama sai duk juyin ya tafi gare ta, ta yi ta wulwulawa a iska, wadda ke ƙasa ta tsaya cak. Shi ya sa irin tawa daga masana'anta take zuwa da difarenshal a kulle, tayoyin biyu suna juyawa tare ko ana so ko ba a so. Sakamakon haka ba ta iya shan kwana a matse, kuma sarbo, ɗan injin da ke murza sitiyari, yana shan wahala. Kamfanin Traxxas na Amurka ya fito da TRX-4 a 2017, wadda ake kulle difarenshal ɗinta a buɗe shi daga rimot, aksil ɗinta kuma an ɗaga shi sama da tsakiyar taya da wasu ƙananan giyoyi. Dabara ce mai kyau. Farashinta shi ne ƙarin ƙananan injina da wayoyi da giyoyi, wato ƙarin abin lalacewa, a garin da sai ka yi odar kayan gyara ka jira makonni.

Lissafin giya shi ya fi kowane fitowa fili. In ƙaramar giyar da ke bakin inji haƙoranta 15 ne ka mayar da mai 12, gudu ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin ja ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba yadda za ka yi ka sami biyun. Inji ma haka: mai naɗin waya 55 ya fi mai 35 natsuwa da jin yatsa a ƙaramin gudu, amma ba shi da zafin da za a fizgi mota a tsallake tudu. Duk mai naɗin koyil ɗin fanka a Sabon Gari ya san wannan ba tare da ya taɓa ganin motar rimot ba. In ka ce bari ka rama da batir, ka tashi daga LiPo mai ɗaki biyu, bolt 7.4, zuwa mai ɗaki uku, bolt 11.1, ka sami zafin, amma inji zai ɗau zafi na gaske. A watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40, injin da ka kasa riƙe yatsa a kansa na 'yan daƙiƙoƙi yana gab da ƙonewa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai kuwa duk wanda ya fara da ƙaramar WPL ya san shi. Giyoyin cikinta na roba ne, sukan cinye. Sai mutum ya sa na ƙarfe. Ba su ƙara cinyewa, amma yanzu farfela ce ke murɗewa. Ya sa farfelar ƙarfe, sai sandar aksil ta tsinke. Ya ƙarfafa ta, ranar da taya ta maƙale tsakanin duwatsu babu abin da zai karye kuma, sai injin ya ƙone. Ashe 'yar giyar robar nan aikin fiyus take yi a gidan lantarki: ita ce mai arhar da ke mutuwa don mai tsada ya rayu. Rauni ba ya barin mota, wuri kawai yake sauyawa. Gwanin gyara shi ne wanda ya zaɓi inda yake so raunin ya zauna, wurin da ya fi sauƙin kwancewa kuma ya fi arha.

To, ga abin da nake samowa a kan dutsen. Tun ina yaro na ji a karatu cewa Allah ya halicci kowane abu a kan gwargwado, na ji Suratur Rahman tana maganar ma'auni da hanin ƙetare shi. Na gaskata, amma da kunne na sani. A kan tabarmar nan ne yatsuna suka sani. Ban taɓa ƙara wa motar nan wani abu ba tare da an karɓi wani abu a hannuna ba, kuma ba mai sayarwa ne ya tsara haka ba, haka aka gina duniyar. Ba na cewa motar roba tafsiri ce, Allah ya tsare ni da wannan. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya daɗe yana wannan aiki yakan daina tambayar "wanne ya fi kyau", ya koma tambayar "don wace ƙasa, kuma me zan bayar". Na ga wannan tambaya ta bi ni har wajen neman ƙarin aiki bayan makaranta, da zaɓar wa yara makaranta, da yadda nake tsawata wa ɗalibi. Wanda ya matse wuri ɗaya ya kamata ya nemi inda matsin zai ɓulla. Wannan ilimi ne, kuma ban same shi a wani wuri da irin wannan bayyanar ba.

Amma a nan ne kuma haɗarin yake, kuma ba zan rufa wa wasan asiri ba. Masu gyaran motar rimot iri biyu ne, daga nesa ba a bambanta su. Akwai wanda dutse ke aika shi kasuwa, akwai wanda zuciya ke aikawa. Na farko ya kai motarsa wani hawa, ta kasa, ya durƙusa ya duba, ya ga cikinta ne ya maƙale ko gaba ne ya ɗaga. Ya koma gida ya sauya abu ɗaya tak, ya dawo wannan dutsen dai ya gwada. Na biyu ya kwana yana kallon bidiyo a YouTube, ya ga wasu sassa na alminiyon masu ƙyalli, ja da shuɗi, ransa ya biya. Yakan sayi kayan gyara tun motar ba ta iso ba. Da yawa daga cikin sassan nan ma baya suke mayar da mota: sun fi roba nauyi a inda ba a son nauyi, kuma roba in ta lanƙwashe takan dawo, alminiyon in ya lanƙwashe ya zauna ke nan. Na san wani abokin wasa da motarsa ta ninka kuɗin sayenta a kayan ƙari, ga kwali cike da sassan da ba a ko buɗe ledarsu ba, kuma ba kasafai yake fitowa dutse ba don kada fenti ya karce. Ba na raina shi, domin na san daɗin da ake ji in saƙo ya iso. Amma wannan daɗin sayayya ne, motar dalili ce kawai.

Bambancin da ke tsakaninsu shi ne a ganina ainihin bambancin buƙata da kwaɗayi. Abin da dutse ya nema yana da iyaka: ranar da motar ta hau, magana ta ƙare. Abin da zuciya ta nema ba shi da dutsen da za a kai shi a gwada, saboda haka ba ranar da za a ce ya isa. Almubazzarancin da Suratul Isra ta yi kashedi a kansa, da tsaka-tsakin da Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da shi wajen kashe dukiya, ba a yawan kuɗi kaɗai ake gane su ba. Mutum na iya yin ɓarna da naira dubu, wani ya kashe dubu hamsin a kan hanya. Ma'aunin da na ɗora wa kaina shi ne kafin in sayi ko da noti, sai na iya faɗin a wane dutse ta kasa, me na gani da idona, kuma na gwada gyaran da ba ya cin kuɗi bai yi ba.

Mai kaifin hankali zai ce, ai in ta hau wannan dutse wani za ka nema wanda ya fi shi, ke nan kai ma ba ka da iyaka. Haka ne, akwai gaskiya a ciki. Sai dai na lura bayan gyare-gyaren farko, dutse mai wuya ya fi neman abu daga direba fiye da aljihunsa. Ya nemi ka tsaya ka karanta hanya kafin ka taɓa rimot, ka san wace taya za ka fara ɗorawa, ka riƙe yatsa a ƙiris ɗin wuta ba tare da ka fizga ba lokacin da motar ta ɗaga ƙafa ɗaya tana lilo. Yawancin kifewa daga gaggawa take, da fushin an kasa sau biyu. Rashin iyakar da ke neman ƙarin haƙuri ban ji tsoronsa ba kamar rashin iyakar da ke neman ƙarin kuɗi.

Saura tambaya ɗaya da ta fi zurfi. Abin da ba shi da amfani, ya cancanci a kyautata shi? Mutane da yawa in suna son kare wasan sai su ce ai yara za su koyi injiniyanci. Gaskiya ne suna koya. Ɗana ya fahimci rabon giya a kan motar nan tun ba a kai wurin a aji ba. Tarihi ma yana bayan wannan magana. 'Ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta Kitabul Hiyal a Bagadaza wajen shekarar 850, na'urori kusan 100, kuma mafi yawansu tulunan ban mamaki ne da maɓuɓɓugan ruwa na nishaɗi. Al-Jazari ya kammala littafinsa a 1206 a Diyarbakir, inda agogon giwa da mutum-mutumin da ke zuba ruwan wanke hannu suke zaune tare da injinan ɗaga ruwa na ban-ruwa. A wurinsu hannun da ya ƙera abin wasa shi ya ƙera abin aiki. Mu ma da muka tashi muna fafe kara muna haɗa mota, muna lanƙwasa langa-langa muna yanka silifas ya zama taya, mun san da yawa daga cikin kanikawa da maƙeran garin nan daga nan hannunsu ya faɗa.

Duk da haka ba na son in tsaya a kan wannan hujja, domin ba ita ce dalilina na gaskiya ba. Ni ba injiniya zan zama ba a wannan shekaru. In na ce don amfanin gobe nake yi, na yarda ke nan cewa kyautata aiki ba shi da daraja sai in zai biya. Hadisi na 17 a cikin Arba'una na Nawawi ya nuna Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har ya kawo misali da wasa wuƙa kafin yanka. Fahimtata ita ce kyautatawa hali ne da ke zaune a jikin mai aiki, ba ya jiran a auna girman aikin kafin ya fito. Wanda ya saba ɗaure noti daidai, ba sako-sako ba kuma bai murje zare ba, a kan abin da ba mai dubawa kuma ba mai biyansa, da wuya ya yi ha'inci a inda ake dubawa. Muna kuka da aikin gangan a gini da hanya da ɗinki, kuma ina ganin ɗaya daga cikin dalilan shi ne mun koya wa yara cewa abu biyu ne kawai suka cancanci natsuwa, abin da ke kawo kuɗi da abin da ake duka a kansa. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, a 1981 kuma ya fitar da 'yar Hilux mai shasin ƙarfe da giya uku da ake sauyawa daga rimot. Wani ya zauna ya zana wa abin wasa akwatin giya na gaske. Ina girmama wannan, kuma ban ga inda addinina ya hana ni girmama shi ba.

Sharaɗin Shaɗibi dai yana nan, jimilla ake dubawa. Saboda haka wasan yana da rana ɗaya a mako, kuma in rana ta yi ja ana tattara kaya ko da saura taku ɗaya a kai ƙololuwa, domin Magariba ba ta jira. Kuɗinsa ba ya fitowa sai bayan cefane da kuɗin makaranta da abin da ake aika wa tsofaffi, kuma uwargida ta san nawa ne. Abin sha'awar da ake ɓoye wa iyali farashinsa ya riga ya faɗi hukuncin kansa. Akwai kuma haƙƙin ido. Ba a sauke motar nan a gindin Kufena yara ba su taru ba, wasunsu da tallan gyaɗa a ka, wasu da robar bara. Tsayawa a gabansu da abin da ba za su iya mallaka ba, a hana su taɓawa, ban ga ta inda zai zama nishaɗi mai tsabta ba. Nakan rage wa rimot wuta in miƙa musu bi da bi. Sau da yawa yaron da ya fi kowa shiru shi ya fi kowa iya karanta hanya.

Batirin LiPo kuwa amana ce ta daban. Kowane ɗaki nasa yana cika a bolt 4.2, ba a barinsa ya faɗi ƙasa da 3.0, in za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen 3.8. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ba a cajinsa a kan katifa, ba a barinsa cikin mota a rana, ba a jona shi a kwanta barci da fatan za a kawo wuta cikin dare. Wasan da zai jefa gida cikin gobara ya fita daga babin halal ko da malamai duka sun halatta asalinsa.

Hukuncina a kan tambayar shi ne, gyaran motar rimot ya dace da magidanci muddin dutse ne ke aika shi, kuma yana iya tashi ya bar ta in an kira shi ga abin da ya fi ta. Iyayen da 'ya'yansu ke roƙon motar rimot, in da hali, kada ku sayi mai ƙyallin da aka like ta ruf, wadda in ta lalace sai bola. Ku nemi mai arha da ake kwancewa da sukundireba kuma ake samun kayanta, ku haɗa wa yaron da sukundireban da ɗan gwangwanin giris. In ya zo yana neman sabuwar taya ko sabon inji, ku ce ya kai ku inda ta kasa ya nuna muku dalili, sannan a yi maganar kuɗi. Cajin batir kuwa ku riƙe shi a hannunku har sai ya girma.